Ranar da Aka Turara Maƙeran Tsawa

Da cika baki sana'a ce, da tuni mijin yayata, Alhaji Maharazu, ya buɗe reshe a Abuja. Tsohon darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati, gidansa na Nassarawa GRA, kuma tun da ya yi ritaya bai bar kunnen kowa ya yi tasa ritayar ba. Ni ne Imrana, ƙanin matarsa Hajiya Safiya. A Giginyu nake zaune, amma yamma ba ta cika yi mini a gida ba, saboda majalisar da ake yi a ƙofar gidan Alhaji bayan la'asar, da kuma dambun Yaya.

Abin da Alhaji ya fi cika baki a kai ba muƙami ba ne, ba kuma dukiya ba. Wasu Turawa ne su huɗu masu gashi har kafaɗa, makaɗan rok na shekarun saba'in, irin masu dukan jita da ganga kamar sun yi musu laifi. Sunansu na Turanci ya fi ƙarfin harshena, shi ya sa Alhaji ya fassara mana shi: Maƙeran Tsawa. Kuma tsakani da Allah yana son su. Na sha ganinsa a mota, danja ta tsayar da mu, yana kaɗa sitiyari da yatsu, idanu a lumshe, har na baya su gaji da danna hon. Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda zai ji kanmu. To amma a bakin Alhaji, shi ne ya je wasansu a Ingila, shi ne mai gangarsu ya jefa wa sanda ya cafe, shi ne kuma mawaƙin ya roƙa ya bar masa hular kansa. Mu kuwa mun san kwas ɗin 'yan makonni ya je, kuma a lokacin Maƙeran sun riga sun watse.

Wanda ya san su da gaske shi ne maƙwabcinsa kuma amininsa na shekara da shekaru, Injiniya Badaruddeen. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ya yi karatu a can. Mutum ne marar hayaniya, tun rasuwar matarsa kuwa shirun nasa ya ƙaru. In Alhaji ya fara zuba, sai dai Injiniya ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa. Yana da faifan garmaho guda ɗaya na Maƙeran, kundinsu na uku, wanda Alhaji ya fassara da Gadar Hazo. Tun yana ɗalibi ya saye shi, kuma duk majalisa ta san ko 'ya'yansa ba sa taɓa wannan faifai.

Wata yamma Alhaji ya ɗauko karatun nasa kamar kullum.

"Kundi na farko ai yara ne, hayaniya kawai," in ji shi. "A na biyu suka fara gane hannunsu. Na huɗu kuma mai ganga ya yi fushi ya tafi, miya ta lalace. Amma Gadar Hazo! Waƙa ta huɗu, inda jita ke kuka ita kaɗai, ganga ta yi shiru tana jiran ta, sannan ta faɗo gaba ɗaya! Wanda bai ji wannan a faifai ba, wallahi bai ji ba. Abin nan da kuke ji a waya ruwan leda ne. Faifai shi ne ruwan randa."

Akwai Barista Muhammad Sani a majalisar, tsohon lauya wanda bakinsa ba shi da linzami. Ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, shekara nawa kana ba mu labarin randar nan, ko moɗa ɗaya ba mu sha ba. Ina faya-fayan naka?"

"Gara ta cinye su lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki."

"Gara tana cin roba?"

"Garar Legas ce."

Aka kwashe da dariya. Alhaji kuwa ba ya son a yi dariya in ba shi ya ba da izini ba. Ya miƙe tsaye, ya tattare hannun babbar riga, ya ce ranar Asabar bayan la'asar kowa ya zo lambun gidansa. Zai fito da babban garmahonsa na katako, wanda ya gyara da hannunsa, zai ba mu Gadar Hazo daga farko har ƙarshe, mu san cewa mun daɗe muna ɓata kunnuwanmu.

"Da wane faifan?" in ji Barista.

Alhaji ya juya ya dubi Injiniya. Injiniya ya dubi ƙasa.

Da farko ya ƙi. Ya ce duk mai son ji ya zo falonsa ya ji. Alhaji ya ce garmahon Injiniya ƙarami ne, zai shaƙe wa Maƙeran wuya. Ya bi shi masallaci da asuba, ya bi shi wurin sayen jarida, ya leƙo ta saman katanga yana yi masa sallama. Ranar Alhamis dai Injiniya ya gaji. A gabana ya shigo da faifan cikin kwalinsa, ya rungume shi a ƙirji.

"Maharazu, amana ce," ya ce. "A gefe ake riƙe shi. Kada rana ta gan shi. Kada ruwa ya taɓa shi."

"Haba Injiniya! Ni za ka koya wa faifai? Wallahi sai ya dawo maka ya fi yadda ka kawo shi."

Wannan alƙawari ne ya jawo komai. Injiniya na fita, Alhaji ya zaro faifan ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Ka ji, Imrana? Warin durowa. Yaya za a yi a fito da manyan baƙi gaban jama'a suna warin kyankyaso?"

Yaya ta tafi suna Tudun Wada, don haka babu mai tsawatarwa. Alhaji ya shiga ɗakinta ya fito da kaskon turaren wuta da kabbasa, kwandon nan da mata ke kifawa a kan kasko su shimfiɗa tufafi don su kama ƙamshi. Ya sa mai girki ya ciko kaskon da garwashi, ya ɗebo turaren Yaya mai tsada wanda ita kanta sai ranar biki take taɓawa, ya zuba da hannu biyu. Ya kifa kabbasa, ya ɗora faifan a kai daidai wa daida.

Na ce, "Alhaji, anya kuwa?"

"Kai da ba ka san bambancin jita da gurmi ba, kai ne za ka ce anya? Ya ce rana, ya ce ruwa. Ka ji ya ce turare?"

Gaskiya ban ji ba. Ya ɗauko bargo ya lulluɓe komai don kada hayaƙi ya tsere. Sai wayarsa ta yi ƙara, wani tsohon abokin aikinsa ne. Alhaji ya gayyace shi taron Asabar, daga nan ya ɗauko masa labarin sandar mai ganga tun daga filin jirgi. Ni kuma aka kawo mini dambu, hankalina ya rabu biyu, rabin da ya fi yawa yana cikin kwano.

Da aka yaye bargon, ƙamshi ya cika falo, kai ka ce amarya za a fito da ita. Faifan kuwa ya saki jiki, ya bi kabbasa ya rungume ta. Tsakiyarsa ta tashi, gefensa ya zubo ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar bakin malafa.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wannan ba komai ba ne. Miƙa ya yi."

Ya ɗora shi a garmaho ya sa allura. Allura ta hau tudu ta gangara kwari, ta sake hawa. Mawaƙin Maƙeran ya buɗe baki, muryarsa na sama tana ƙasa, kamar wanda ke waƙa a bayan a-daidaita-sahu a kan titi mai ramuka. Lawan mai gadi ya rugo daga bakin get ya tsaya a ƙofar falo yana haki.

"Yallaɓai, lafiya? Na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta maƙale a waya."

"Koma bakin aikinka! Kai me ka sani a kiɗa?"

Na ce masa ya tashi yanzu ya je ya gaya wa Injiniya gaskiya, tun ɓarnar tana da dama-dama. Ya dube ni kamar na ce ya je ya yi tallan goro a ma'aikatarsa ta da.

"Abin da zafi ya lanƙwasa, zafi ne ke miƙar da shi. Kimiyya ce. Ɗauko mini dutsen guga."

Ya shimfiɗa atamfar Yaya a kan tebur, sabuwa dal ko ɗinki ba a kai ba, ya kwantar da faifan a ciki ya ninke. Ya murɗa dutsen guga har ƙarshe, wai don a gama da wuri. Ya danna da ƙarfinsa yana yi mini bayanin yadda injiniyoyin kamfanin faifai suka taɓa neman shawararsa. Wani wari ya taso ya kori ƙamshin turare. Da ya buɗe, tsakiyar ta kwanta kam, ba ƙarya, amma gefen ya tashi sama ya zama kasko. Rabin layukan da allura ke bi sun shafe sun yi santsi, takardar tsakiya ta saɓule, kuma atamfar ta manne a ɗaya fuskar ta ce ba inda za ta.

Muna cikin ɓamɓara Yaya ta yi sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa. Ta dubi kabbasarta, ta dubi kwalbar turarenta da ta koma rabi, ta dubi atamfarta.

"Inna lillahi. Alhaji, gobara aka yi?"

"Gyara muke yi, Hajiya. Harkar maza ce."

"Harkar maza da kaskona? Wannan baƙin abin mene ne a jikin atamfata?"

"Faifan Injiniya ne," in ji ni, don na ga Alhaji yana neman hanyar kwana.

Yaya ta dafe ƙirji. Maganar atamfa ta fita daga kanta nan take. "Faifan Injiniya? Wanda yake goge wa ƙura da hannun rigarsa? Alhaji, ka ji tsoron Allah. Garin neman gira ka rasa ido. Ka tashi yanzu ka je ka ba bawan Allahn nan haƙuri."

"Haƙurin me? An gama aikin ne? Tela yana tsakiyar yanka sai ki ce ya ɓata yadi?"

"Tela a kan wuta yake yanka?"

"Safiya, ke fa ko waƙa ɗaya ta Maƙeran ba ki taɓa ji har ƙarshe ba."

"Yanzu ai mun zama ɗaya, don kai ma ba za ka ƙara ji ba."

Washegari Juma'a na zo da hantsi na tarar da shi a tsakar gida, ya canza dabara. Zafi ya ci amanarsa, yanzu nauyi zai gwada. Ya sa faifan tsakanin katakai biyu, ya ajiye a bayan tayar motarsa, ya shiga ya tayar. Lawan na tsaye yana ba shi hannu.

"Taho, Yallaɓai. Taho kaɗan. Kaɗan dai."

Ashe get a buɗe yake. Barista ya zo wucewa cikin kayan motsa jiki, ya ja ya tsaya.

"Alhaji, koyon mota aka koma?"

"Birki nake gwadawa."

"A kan katako?"

"Haka Jamusawa suke yi."

Yana maganar ƙafarsa ta zame. Motar ta hau katakon ta sauka ta ɗaya gefen. Muka ji ƙas, ƙaramar ƙara, amma ni har cikin haƙorina na ji ta. Barista ya ce Allah ya ba da sa'ar birki, sai gobe, ya wuce. Da muka ɗaga katako, wani yanki ya ɓalle daga gefen faifan, kamar an gutsiri gurasa.

Lawan ya ɗauki gutsuren ya miƙa da hannu biyu. "Yallaɓai, ga canjinka."

Bayan sallar Juma'a muka shiga Sabon Gari neman wani. Muka bi shagunan tsofaffin rediyo ɗaya bayan ɗaya, Alhaji na faɗin sunan Maƙeran da Turanci yana kwaikwayon jita da baki don a gane. Wani ya miƙo mana faifan wa'azin coci, wani ya ce mu dawo bayan Sallah, wani kuma ya tambaye ni a ɓoye ko Baba yana shan maganinsa. Na tabbata yau kam ido ya raina fata, za a je a ba Injiniya haƙuri. Sai na ga Alhaji ya tsaya cak a gaban wani shago, yana kallon wata ƙaramar sifika mai caji, irin wadda ake haɗawa da waya ba tare da igiya ba. Fuskarsa ta washe.

"Imrana, garmahona yana da murfi ko ba shi da shi?"

"Yana da shi."

"To shi ke nan. Faifai na ciki, murfi a rufe saboda ƙura. Wannan 'yar tana ɓoye a cikin akwatin. Waya na aljihuna. Wa zai sani?"

"Ruwan ledar za ka ba su ke nan?"

"A cikin randa, sakarai. Bayan taro sai in ce wa Injiniya ina ƙara jin daɗinsa, ya bar mini mako biyu, kafin nan na sa an nemo wani daga waje. In ka buɗe baki, kai da dambun gidan nan har abada."

Na yi shiru. Kowa da inda ake kama shi.

Ranar Asabar lambu ya cika. An shimfiɗa kafet a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, an jera kujeru, an jawo wuta daga cikin gida zuwa garmaho da fankoki biyu na tsaye. Tsofaffin daraktoci, likita ɗaya, Barista a sahun gaba ya harɗe ƙafa. Injiniya ya zo da farar shadda, ya zauna a gefe kusa da garmahon. Alhaji ya kira Lawan a gaban kowa ya ja masa kunne: ko me zai faru kada ya kuskura ya tayar da janareto, ƙararsa za ta ɓata sauti.

Injiniya ya ce, "Maharazu, in gan shi mana."

"Yana ciki yana hutawa. Iskar lambu ba ta da kyau ga faifai. Kai fa ka ce amana."

Ya juya mana baya, ya ɗaga murfi kaɗan, ya yi 'yan motse-motse, ya rufe. Ya murɗa wani maɓalli, fitilar gaban garmaho ta kama. Hannunsa na dama ya nutse cikin aljihun babbar riga. Shiru. Ya yi tari. Hannun ya ƙara lalube. Sai ga kiɗa ya ɓarke.

Ba zan yi ƙarya ba, kiɗan ya yi daɗi. Ganga ta shigo da nauyinta, jita ta bi ta, likita ya fara kaɗa ƙafa, wani tsohon darakta ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Alhaji ya ga kasuwa ta yi kyau, ya fara zagaya mu yana bayani.

"Kun ji zurfin nan? Kun ji ɗumin sautin? Barista, wayarka za ta iya wannan?"

"Gaskiya ba za ta iya ba," in ji Barista, kuma na ga abin ya yi masa ciwo.

"Allura ce a kan roba, malam! Abu na taɓa abu! Ba iska ba!"

Injiniya ya sunkuyar da kai, hannayensa a kan gwiwa. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Na lura tun a tsakiyar ta biyu ya ɗago ya dubi garmahon, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da kansa ƙasa.

Aka zo waƙa ta huɗu, wadda aka tara mu dominta. Ganga ta yi shiru, jita ta fara kukanta. Alhaji ya tsaya a tsakiyar kafet, ya ɗaga yatsa sama, ya rufe ido.

Sai aka ɗauke wuta.

Fankoki suka yi juyi biyu suka tsaya. Fitilar gaban garmaho ta mutu. Daga maƙwabta aka ji yara sun yi ihun da suka saba. Jita kuwa ta ci gaba da kukanta, ko gezau.

Alhaji idonsa a rufe yake, bai san abin da duniya ke ciki ba. Yana ta kaɗa yatsa yana cewa, "Ku jira, ku jira, yanzu ganga za ta faɗo." Ganga ta faɗo kuwa. Ya buɗe ido don ya karɓi yabo, ya ga duk majalisa na kallon fanka.

Barista ya ce a hankali, "Alhaji, an ɗauke wuta."

"To?"

"Garmahonka bai ji labari ba."

Alhaji ya dubi fitilar da ta mutu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Amma kada ku raina mijin yayata.

"Ai wannan shi ne abin da nake gaya muku! Kayan da! Yana tara wuta a cikinsa kamar raƙumi da ruwa. Ni na ƙara masa wannan dabarar."

"Ikon Allah," in ji likita. "Buɗe mu ga yadda yake juyawa."

"Ba a buɗewa yana tsakiyar aiki, sai iska ta shige shi."

Hannunsa ya koma aljihu yana neman ya kashe, ya ce ajiyar wutar ta ƙare. Garin lalube ya ƙure ƙara, har tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaro. Ya sake dannawa, waƙa ta koma farko. Ya sake, sai kiɗan ya yanke, garmaho ya fara ƙarar kiran waya. Alhaji ya danna abin da yatsansa ya samu, ashe amsawa ya yi. Muryar Yaya ta fito daga cikin akwatin katako, tangaram, har bakin get.

"Alhaji, abinci ya sauka, ka turo a ɗauka. Kuma don girman Allah ka gaya wa Injiniya gaskiya kafin ya ci abincin gidan nan. Ni ba zan iya haɗa ido da shi ba, faifansa na manne da atamfata."

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Sai Barista ya zame daga kan kujera ya kwanta a kafet yana dukan ƙasa. Likita ya toshe baki da hula. Tsohon abokin aikin nan da aka gayyato ta waya ya ce, "Ruwan randa!" ya sake fashewa. Lawan daga nesa ya ɗaga murya: "Yallaɓai, in tayar da injin ko Hajiya za ta ci gaba?"

Injiniya kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ɗaga murfin garmahon. Ya ciro abin da ke ciki da hannu biyu, a gefe ya riƙe shi, kamar yadda ya saba. Baƙin kasko mai ɓallallen baki, ƙyallen atamfa na reto a jikinsa. Dariya ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya matso. "Injiniya, ka kwantar da hankalinka. Na riga na yi magana da mutanena a waje. Sabo fil za a kawo maka, wanda ya fi wannan, ko ƙwarzane babu."

"Na sani," in ji Injiniya. "Shi ya sa ba na so."

Ya shafa wurin da guga ta shafe da babban yatsansa.

"Tun a waƙa ta biyu na san ba nawa ba ne, Maharazu. Nawa yana tsalle a tsakiyarta. Makon da aka kawo matata Khadija gidana, ta ce za ta goge mini shi, awarwaronta ya karce shi. Ta yi ta kuka, na ce mata ai ya fi daɗi haka. Tun da ta rasu, ba Maƙeran nake sa wa faifan nan ba. Wurin tsallen nake jira."

Barista ya tashi zaune yana kakkaɓe riga, ya kasa ɗaga ido. Ni kaina na ji kunya ta rufe ni. Injiniya ya sa faifan a ƙarƙashin rigarsa, ya yi mana sallama, ya fita. Jama'a suka zame ɗaya-ɗaya, abincin Yaya ko buɗe shi ba a yi ba.

Aka bar Alhaji tsaye a tsakiyar kafet. Tun da aka kai Yaya gidansa ban taɓa ganin magana ta ƙi zuwa masa ba sai ranar. Ya hango kwalin faifan a kan tebur, Injiniya ya manta da shi. Ya ɗauka, ya fita ko takalmi bai saka ba. Na bi shi daga nesa.

Ya isa get ɗin Injiniya, get ɗin da ya saba bankawa ya shiga yana kwaɗa kira tun daga waje. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya tsaya nan rungume da kwali, motoci na wucewa ana kallon tsohon darakta ba takalmi. Har aka fara kiran magariba yana tsaye.

Ƙaramar ƙofa ta buɗe. Injiniya ya fito da buta a hannu, ya dube shi daga hula har ƙafa.

"Badaru," in ji Alhaji, "na cuce ka. Ba ni da abin cewa."

"Alhamdu lillahi. Shigo ka yi alwala, ka ari takalmi."

Alhaji ya share ido da hannun riga, ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Sai ya ɗan tsaya.

"Ka san kuwa, wannan tsallen da ka ce, in aka samo sabon, ni da ƙaramar allura zan iya..."

"Maharazu."

"Na yi shiru."